Haƙorin Riƙe Birgi

Babana da haƙori yake jefa birgi. Wanda bai tashi a bakin ruwa ba sai na yi masa bayani, don na sha faɗin haka a ofishin malamai a Yelwa ana kallona kamar na zauce. Birgi raga ce mai zagaye, an jera mata dalma a gefe. Mai jifa yakan naɗe igiyar a hannun dama, ya tattaro rabin ragar, ya kama wani gefen da hagu, sai gefe na uku ya rage ba hannun da zai riƙe shi. Shi ake sawa a baki. Mutum ya murɗa ƙugu, ya wurga, a daidai lokacin ya saki haƙori. In ya saki da wuri ragar ta dunƙule, in ya makara ta fizgi bakinsa. In kuwa ya dace, sai ta buɗe a sama kamar faifai, ta sauka kan ruwa ba hayaniya.

Ni na riƙe masa filafilin tuƙa jirgi tun ina 'yar shekara tara, domin 'ya'ya mata Allah ya jero masa kuma ni ce ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, ko da faɗa yake yi. Ƙauyenmu yana gaɓar tafkin Kainji, ba nisa da Wara. A can kowa ya san jifan Baba. Samarin yanzu a kafaɗa suke ɗora gefen ragar, wai dalma guba ce a baki. Shi kuwa in ya gan su sai ya yi tsaki, ya ce jifan masu tsoron jiƙa gemu ke nan.

Shekara arba'in da wani abu yana wannan aikin, kuma bakinsa ya biya. Haƙoransa na gaba na sama guda huɗu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Fiƙoƙi biyu suka rage masa, ɗaya dama ɗaya hagu, goro ya rina su. Ta daman ita ce abokiyar aikinsa. Igiyar dalma ta ci mata ɗan gurbi a gefe, santsi kamar da gangan aka goge, igiyar tana zama a ciki daram. Da ita yake jifa, kuma har lokacin da nake ba da labari ba ya dawowa gida ba kifin ƙarfasa a jirgi. Abin da kawai yake kuka da shi, in sanyi ya shigo takan yi masa tsami.

Ni ce na kawo maganar likita. Wannan sai na faɗa tun da wuri, don kada wani ya ɗora wa Inna ko wanzami laifi.

Wata abokiyar aikina ce ta je Abuja aka gyara mata baki, ta dawo tana yi mana murmushi ko ba a ba da dariya ba. Ta nuna mini bidiyo a waya: an huda ƙashin muƙamuƙi, an murɗa wata 'yar ƙusa ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ƙashi ya kama ta, an ɗora farin haƙori a kai. Ta ce da shi take tauna rake. Na kwana biyu abin yana cina. Gaskiya ba tsamin fiƙar ne kaɗai ya dame ni ba. Giɓin nan nake jin kunya. In Baba ya zo Yelwa sayar da kifi ya biyo ta makarantarmu, yana dariya bakinsa fayau, sai in ji kamar in nutse. Allah ya yafe mini, haka zuciyata take a lokacin.

Ranar Asabar na hau mota zuwa gida, na same shi yana ɗinkin raga a gindin mangwaro, na dasa masa waya a gaban ido. Sau uku ya sa na maimaita bidiyon.

"Uwata, wannan ƙusar tana riƙe igiya?"

"Baba, rake fa ake ci da ita."

"Duka ake sakewa?"

"Duk wanda ya lalace sai a sa sabo," na ce, ina ta rawar kai kamar ni na ƙera injin.

Inna tana gefe tana gyaran kifi, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, bakin da ke ciyar da mu a bar shi yadda yake." Na harare ta a ɓoye. Na ce a raina, mutanen da ba su son ci gaba. Muka sa rana, mako uku masu zuwa, in zo in ɗauke shi.

Akwai wata ɗabi'a a gaɓarmu wadda na sani sarai amma ko kaɗan ba ta faɗo mini a rai ba. In jirginka ya tsufa za ka kai wa kafinta, kai ne za ka fara ɓamɓare katakon da ya ruɓe, ka zare tsoffin ƙusoshi, ka wanke shi, ka shanya. Sannan ka kira mai gyara. Wanda ya kai jirgi da ruɓarsa a jiki, rago ne, kuma ya raina mai sana'a. Baba bai taɓa kai wa kowa aiki da datti ba.

Da na dawo ɗaukarsa, na tarar da shi a zaure ya yane baki da rawani. Na ɗauka mura ce. Inna ta fito, ta dube ni, ta koma ciki ba ta amsa gaisuwata ba. Shi kuwa idanunsa suna dariya. Ya sauke rawanin, ya buɗe baki. Sama babu komai. Dasashin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi a wurare biyu, gefen dama har ya lotsa ciki.

"Na share wa likita wuri," ya ce, maganar tana fita da iska. "Kwana goma ke nan, don shi warke kafin mu isa. Ta daman ta ba wanzami wuya ƙwarai, sai da anka danne ni mutum biyu. Saiwarta kamar ta rogo."

Ya laluba aljihu ya fiddo gwangwanin man zafi, ya buɗe. Fiƙoƙin ne a cikin auduga, ya wanke su tas.

"Ga ma'auni. A yi mini sabuwar da wannan gurbin, kada a kuskure."

Faɗa kawai na kama yi, na ce wa ya aike shi, ciwon suga gare shi ya je ya ba mai awartaki baki a kasuwa, in jini ya ƙi tsayawa fa? Ya bar ni na gama, ya ce, "Ke Uwata, bakinki ya fi na injin jirgi. Ɗauko mini takalmi."

Tafiyar Abuja ta wuni guda ce, ta Kontagora da Minna. Koko da ayaba kawai ya iya ci a hanya. Duk inda muka tsaya sai ya taɓa aljihu ya tabbatar gwangwanin yana nan.

Asibitin ƙarami ne, sanyi kamar cikin randa. Likitan Bahaushe ne, ba zai wuce sa'ana ba, ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, Baba ya ji daɗin haka. Ya haska bakin da fitila, ya ce a fara ɗaukar hoto. Aka kai Baba wani ɗaki, aka tsayar da shi, ya ɗora haɓa a kan wani abu, injin ya zagaya kansa a hankali yana ƙara ƙasa-ƙasa. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka ce an gama. Muna komowa sai ga ƙoƙon kan Babana a allon kwamfuta, ba nama ba fata. Likita yana juya shi da yatsa, ya kifa shi, ya tsaga shi gida-gida yana auna kaurin ƙashin. Ni na ja da baya. Baba kuwa ya matso da kujera yana leƙe.

"Ashe haka nike daga ciki," ya ce. "Ba laifi."

Likita ya nuna gefen dama na sama, inda ƙashin ya yi kamar bakin tukunyar da ta ɓare. Ya tambaya, "Baba, nan me ya faru? Wannan karayar sabuwa ce."

Nan Baba ya fiddo gwangwaninsa da alfahari, ya buɗe, ya ajiye a kan tebur. Ya ba da labarin wanzami da mutum biyun da suka danne shi. Likita ya sa safar hannu, ya ɗauki ta daman, ya juya ta a ƙarƙashin fitila. Ya daɗe yana kallon saiwar. Sai ya juyo gare ni ya koma Turanci, muryarsa ƙasa.

Ya ce haƙoran nan biyu lafiyarsu ƙalau. Tsamin da take yi, ɗan cike gefe ne kawai da wani farin ƙullu da ake busarwa da haske, aikin rabin awa. Ya ce da suna nan, su ne ginshiƙan da zai ɗora gada a kai, haƙora huɗu a tsakani, na wani farin abu mai tauri da inji ke sassaƙawa, ba huda ba ƙusa. Yanzu kuwa ƙashin gaba ya daɗe da sirancewa, na gefen kuma awartaki ya fasa shi. Ƙusa ba ta da inda za ta kama. Na tambaya ko ba a ƙara ƙashi, don na ga haka a bidiyo. Ya ce ana yi, amma da sugan Baba da shekarunsa da irin wannan raunin, ba zai yi mana alkawarin abin da ya san da wuya ya kama ba.

Na dubi gwangwanin da ke buɗe a kan tebur.

"Mi ya ce?" Baba ya tambaye ni.

"Ya ce ƙashin ya yi siriri, ƙusa ba za ta zauna ba. Haƙoran sawa da cirewa za a yi maka."

Ban ƙara komai ba. Likita ya kalle ni, na kawar da kai, shi ma bai tona ni ba.

Sai dai ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ba da magani ya ce sai raunin ya warke, mu dawo bayan wata biyu. Muka dawo. Wannan karon wani abu ya ɗauko kamar buroshin goge baki mai kauri, da 'yar fitila a kai, ya riƙa yawo da shi a bakin Baba, dasashin yana fitowa a allo da launinsa da kowane lungu. Baba ya sake tura masa gwangwani. Na zaci likita zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗora fiƙar daman a kan auduga ya haska ta ita ma ta kowane gefe, har gurbin igiyar ya fito a allo, ya ɗauke siffarta ya jera a cikin sababbin haƙoran. Bayan kwana uku muka karɓa. Farantin roba ne mai launin dasashi da haƙora a jere, kuma ga fiƙar dama da gurbinta, ba ta bar komai ba sai jan goron.

Likita ya ce da Hausa, a fili, "Baba, wannan na cin tuwo ne da magana. Ba a kafe yake ba, manne yake da dasashi. Kada ka ja komai da shi."

Baba ya gyaɗa kai ya ce to. Na san wannan to ɗin. Irinta yake ce wa Inna in ta hana shi fita ana iska.

A madubi kuwa ya koma saurayi. Abin da na nema ke nan tun farko, ga shi na samu, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta ranar ba.

Kwana biyu da komawarmu gida, hantsi bai gama ɗagowa ba, ya leƙo ɗakin da nake ya ce in ɗauko filafili. Wata uku ke nan bai taɓa birgi ba. Na ce masa likita fa ya hana. Ya ce likita ya san baki, bai san ruwa ba. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu, ta bi mu da ido har muka fita.

Na tuƙa mu zuwa wani lungu da ciyawa ta yi yawa, inda ƙarfasa ke taruwa. Hannuna ya manta aikin, jirgin yana ta karkata, bai ko tsokane ni ba. Ya miƙe tsaye a goshin jirgi. Ya naɗe igiya, ya tattaro raga, ya ɗauki gefen dalma ya sa a baki, na ga yana lalubar gurbin da harshe har igiyar ta zauna. Ya yi bismilla ta cikin haƙora. Ya murɗa ƙugu.

Nauyin ragar ne ya fara ja, kafin ma ya wurga. Farantin ya ɓalle ya biyo igiyar, ya bugi gefen jirgi, ya faɗa cikin ruwan da ke ƙasan ƙafafunmu. Birgin ya faɗi a dunƙule dab da jirgi, ya watsa mana ruwa. Haƙoran suna kwance tsakanin ƙoƙon kwasar ruwa da takalminsa. Na ɗauka na ɗauraye na miƙa masa. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Ya jawo ragar, ya sake naɗewa. Wannan karon da dasashi ya kama igiyar. Na ce, "Baba, don Allah." Bai kula ni ba. Ya wurga, igiyar ta zame tun kafin lokaci, ta yanke shi. Ya tofar da jini a ruwa. Karo na uku a kafaɗa ya ɗora, irin na samarin da yake yi wa tsaki. Jikinsa bai san wannan ba. Ragar ta buɗe rabi, ta faɗi kamar jiƙaƙƙen zane.

Ya zauna. Ya daɗe yana tsince ciyawa daga ragar, ɗaya-ɗaya. Can nesa wani jirgin inji ya wuce da buhunan shinkafa ya nufi Yelwa, igiyar ruwansa ta zo ta girgiza mu ta wuce.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Tun da munka shiga wurin yaron nan Hausa yake yi. Da na buɗe gwangwani ya koma Turanci." Bai dube ni ba. "Da ban cire su ba, da an yi, ko?"

Na yi niyyar ƙarya, wallahi na yi, har na shirya ta. Amma mutumin da ya koya mini gane kifi daga motsin ciyawa, ta ina zan fara?

"Da an yi, Baba."

"Har ta daman?"

"Lafiyarta ƙalau. Ɗan ciko kawai take so."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na ce ni ce, ni na kawo waya, ni na ce duk wanda ya lalace sai a sa sabo, ban yi masa bayani ba don ni ma ban sani ba, iyayi ne kawai da jin kunyar banza. Na faɗa masa har maganar giɓin, ban rage ba. Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ya ce, "Da ƙafata na tai wurin wanzami, ba ke kika kai ni ba. Share ido, mutane na gani. Juya jirgi."

Na juya jirgi.

Shekara biyu ke nan. Na yi ta bincike a waya, na tura hoton ƙashin nan wurare uku, kowa amsarsa ɗaya da ta farko, wasu ma ba su amsa ba. Hoton yana nan cikin wayata, in na so sai in juya ƙoƙon kan Babana da yatsa in ga daidai inda ya fashe. Injin ya nuna komai, bai ɓoye ko tsaga ɗaya ba, amma bai mayar da komai ba. Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Kifin da muke ci yanzu sayowa take yi a bakin ruwa, wurin samarin nan masu jifa da kafaɗa, ta dafa ta ajiye mini a gaba. Birgin kuwa ta shimfiɗa shi a kan 'yan tumatirinta na bayan ɗaki saboda kaji.

Baba yana sa haƙoran ranar Juma'a, da in za a yi baƙi. Sauran kwanaki suna cikin kofi a kan taga, kusa da gwangwanin man zafi. Aikinsa yanzu ɗinkin ragar mutane a gindin mangwaro. Ko wannan ma da haƙori ake yanke zare, don haka ya ɗaura reza da igiya ya rataya a wuya.

Zuwana na ƙarshe na same shi a can, raga a kan gwiwa, yana ta laluben ƙirji. Igiyar rezar ta tsinke, ta faɗi wani wuri cikin ƙasa. Ya duba dama, ya duba hagu. Sai na ga ya kai zaren baki, yadda ya saba tun kafin a haife ni, ya tsaya da shi a kan leɓe. Ya sauke hannu. Ya miƙo mini.

"Uwata, cije mini nan."

Na durƙusa na cije. Zaren yana da ɗanɗanon ruwan tafki. Ya karɓa ya ci gaba da ɗinkinsa.